Haƙoran Ɓera a Jikin Dirit

Laraba da dare, Gamkalle

Yau dai kamyon nan, babbar motar kaya, ya bar ni na numfasa. Kwana uku ke nan, da Hamani sofer, mai tuƙa shi, ya ɗaga ƙafa daga wuta sai moter, wato injin, ta yi kakari ta mutu. Buhunan dawar taimako na jibge a bayan motar, mutanen ƙauye na jira.

Da hantsi sojan da ke rakiyar kayan ya zo garaji ya tsaya a kaina. "Malam, gobe motar nan za ta tashi ko?" Na ce, "In sha Allahu, shef."

Tun jiya na kwance bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin moter, na kankare baƙin da ya hana shi rufewa. Ta ɗan yi sauƙi, amma rawar da moter ke yi ba ta daina ba. Yau na kasa kunne, na ji tana shan iska ta wani wuri. Sai na sa Hamani ya busa hayaƙin sigarinsa cikin siririn dirit, wato tiyon roba na iska. Ga hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin karbirato! Na jawo robar, duk sawun haƙoran ɓera. Na canja ta, moter ta kwanta lumui.

Hamani ya yi ta dariya. Ni ban yi ba. Sojoji na tsaron dawar nan har ɓera bai samu ƙwaya ba, sai roba ya ci. Ga robar nan cikin aljihuna, na kasa yar da ita.