Zuwa ga Yayana da Ya Nuna Sunana

Assalamu alaikum, Yaya Sabi'u.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fata kana lafiya a Dammam, da sabon ofis da sabuwar kujera. Mako uku ina kiranka ba ka ɗauka, shi ya sa na rubuto a nan, inda jama'a za su karanta. Ka gafarce ni, ba haka na so ba.

Ina sakandare kake dawowa hutu daga jami'a, ka zaunar da ni a zauren Kawu, mahaifinka, kana ba ni labarin Japan. Sa'o'ina suna musun ƙwallo, ni ina haddace yadda malamai da 'yan jarida a can suka fara haɗuwa suna nazarin gurguzu, lokacin da masana'antu ke tsotse 'ya'yan manoma. Ka ce ba su cika ɗaki guda ba, amma da suka kafa jam'iyya gwamnati ba ta bari ta yi mako ba. Ka ce sun buga ƙaramar jarida suna adawa da yaƙin ƙasarsu da Rasha, aka kira su maciya amana, daga baya aka rataye wasunsu. Duk da haka maganarsu ta ratsa ƙungiyoyin ƙwadago da na manoma. Kawu yana tsokanarka wai ko a Japan aka binne cibiyarka. Ni kuwa duk abin da ka faɗa haɗiyewa nake yi.

Kai ka samo mini aiki a kamfanin gine-ginen da kake injiniya a nan Riyad. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya a unguwar Ulaisha, duk Juma'a mu gangara unguwar Batha cin tuwo, kana nuna mini leburori kana cewa in dube su da kyau, su suka ɗaga garin nan.

Da zafin bana ya tsananta, kamfani ya ci gaba da fitar da leburori aiki da tsakar rana, ko da yake doka ta hana. Malam Iro magini ya yanke jiki ya faɗo daga hawa na biyu. Kai ka tara mu bayan La'asar ka ce a rubuta wa shugaban kamfani takarda. Da kowa ya noƙe wajen fara sa hannu, ka yi murmushi ka ce manoman Japan na zamanin da sun warware wannan tuntuni: a zana da'ira, kowa ya sa sunansa a gefenta, ba na farko ba na ƙarshe. Murfin tukunyarmu muka kifa muka zana. Ni na rubuta ƙorafin, don ka ce Larabcina ya fi naka.

Abin da bai zo mana a rai ba shi ne, takardar da ba ta da na farko, dole a nemi mai nuna shi. Shugaban ya kira ka. Direbansa, wani Bakatsine, yana bakin ƙofa, ya ga ka juya takardar a kan tebur har sunana ya iso gabanka, ka ɗora yatsa. Da ya gaya mini saura kaɗan in mare shi. Sai da aka karɓe iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, aka buga mini hatimin fita ba dawowa, kai kuma aka ba ka reshen Dammam, sannan na je na ba shi haƙuri.

Akwai ɓangaren labarin da ba ka taɓa ba ni ba. Zaman jiran nan ya sa na nemo shi da kaina. Ashe daga baya da yawa cikin 'yan gurguzun nan na Japan sun rubuto daga kurkuku cewa sun janye. Amma su an tsare su wata da watanni, an doke su, an tuna musu da hawayen iyayensu. Kai fa? Direban ya ce shayin da aka kawo maka bai huce ba.

Na ji ciwo, Yaya, har yanzu ina ji. Ba don rasa aikin ba ne. Na san 'ya'yanka huɗu suna makaranta a gida, karatunsu ya rataya a kan aikinka. Da ka shigo ɗaki ka ce, "Habu, dole ɗayanmu ya tafi," wallahi da ni zan je in nuna kaina. Wannan ka hana ni.

In kana son sani, Malam Iro ya fara takawa da sanda, an kuma daina fitar da mutane da rana. Takardarka ta yi aiki.

Jiya Inna ta kira. Ce mata na yi kwantiragi ne ya ƙare. Ta tambayi wa zai kai ni filin jirgi, na ce ai Yaya Sabi'u yana nan. Jirgina Laraba ne bayan Azahar. In ka zo ba zan tambaye ka komai ba.

Allah ya raya maka zuri'a, ya rufa maka asiri, ya yafe mana baki ɗaya. Allah ya sa ban yi wa Inna ƙarya ta biyu ba.

Ƙaninka har gobe,
Habu
Ulaisha, Riyad