Shayin Mutum Ɗaya a Hatta

Asabar da dare, Hatta

Yau dai na gudo daga birni zuwa duwatsun Hatta. Zafi ya yi sauƙi, na hau kwalekwale ni kaɗai, inuwar duwatsu tana lilo cikin ruwa. Yanzu ina cikin tanti mai tsini, itace na ci a ɗan murhu, hayaƙi na fita ta bututu. Ba minsharin kowa, ba layin banɗakin gidanmu na unguwar Al Nahda.

Isuhu abokin ɗakina ya kira ni a waya: "Habibi, wa ya ɓata maka rai? Mutum ya kwana a daji shi kaɗai?" Na ce khalas, ya isa haka, hutawa nake.

Da shayi ya dahu na lura na cika butar taf, kamar kullum. Har na juya zan miƙa wa Isuhu kofin farko.