Bargon Sitti da Alkawari Biyu

Zuwa ga Malama Wijdan,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ruwan farko ya sauka, domin idan ya sauka ban yi komai ba, ban san da wane ido zan kalli kakata ba. Na san idan na ce miki maganar bargo ce, mai yiwuwa ki yi murmushi irin na ƙawayena na jami'a. A wurinsu saƙa aikin tsofaffi ne da waɗanda suka rasa abin yi. Idan suka gan ni da kwarashi a cikin bas sai su ce, "Hajiya, jikoki nawa ne yanzu?" Ni ma dariya nake yi, don na san ranar da kowace ta tare, matashin da na saƙa mata ne yake fara hawa kujerar falonta.

Kakata Ummu Fawwaz, wadda muke kira Sitti, ita ta koya mini. Ciwon suga ya cinye mata ido, yanzu haske da duhu kawai take bambantawa, amma hannunta bai san da wannan labari ba. Tun tasowata ban taɓa ganin ta sayi zare ba. Tsofaffin rigunan sanyi take warwarewa, ta naɗe zaren a bayan kujera, ta kara shi a tururin butar da ke kan murhun kananzir har lanƙwasarsa ta miƙe, sannan ta dunƙule shi.

Kakana Abu Fawwaz ya yi shekarunsa na ƙarshe yana zuwa wankin ƙoda. Wanda ya taɓa raka wani wurin ya san irin sanyin da ke kama marasa lafiyar idan jini ya bi ta na'ura ya dawo. Ko da rani ne haƙora sai sun haɗu. Duk bargon da Sitti ta saƙa masa, sai ya dawo gida hannu rabbana, ya rufa wa na kujerar kusa da shi. Ita kuma ta yi ta faɗa: "Kai dai Abu Fawwaz, da fata tana ciruwa da tuni ka ba da taka." Shi kuma ya ce, "To ki saƙa mini wata mana, me kike yi da hannun?"

Bara ya rasu, ana tsakiyar girbin zaitun. Da ta fita takaba sai ta sa na sauko da dukan rigunan sanyinsa, waɗanda ita ta saƙa masa da hannunta tun suna amarya da ango. Ta ce ta yi wa Allah alkawari: kafin ruwan farko na bana ya wanke zaitun, rigunan nan za su zama bargo, bargon kuma zai isa ɗakin wankin ƙodar da yake zuwa a asibiti. Ta ce tunda ya saba barin kayansa a can, gara sauran ma su bi shi.

Malama, ban san yadda zan kwatanta miki abin da na gani a watannin nan ba. Nakan miƙa mata dunƙulen zare ba tare da na ce komai ba, ta murza shi tsakanin yatsu, wani lokaci ta goga a leɓenta, sai ta ce, "Wannan mai kaushin shuɗi ne, rigar da ya fara aiki a injin matsar zaitun da ita." Ko ta ce, "Mayar da wannan, lokacinsa bai yi ba, ai sai da aka haifi uwarki na saƙa shi." Ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Na taɓa gwada ta, na haɗa mata da sabon zare mai launi iri ɗaya. Ta jefo mini shi a cinya ta ce, "'Yar nema, ido na rasa, ba hankali ba."

Ranar da ta gama muka shimfiɗa shi a tsakar falo, duk gidan ya yi tsit. Daga ƙasa shuɗi ne mai duhu, ya narke ya koma ruwan toka, sannan koren ganyen zaitun, sannan ruwan alkama idan ta nuna, can sama kuma fari tas, zaren hular da yake sawa a asibiti. Kawuna Fawwaz ya ce wallahi filayen ƙauyenmu ne da hantsi, ya juya ya fita baranda don kada mu ga idonsa. Na ce, "Sitti, yaya aka yi kika zana wannan?" Ta ce, "Na zana me? Ni dai na jera su ne yadda ya sa su, ta farko a ƙasa, ta ƙarshe a sama." Wato rayuwar mutum ce aka jera, ta fito da wannan kyau, kuma wadda ta jera ba za ta taɓa gani ba. 

To ga inda matsalar ta shigo. Washegari na shanya shi a kan ƙarfen baranda ya sha iska, kamar yadda kowa yake yi da kayan shimfiɗa. Wata mata tana wucewa a mota ta hango shi, ta tsaya, ta hau benenmu tana haki. Madam Rudaina ce, mai shirya baje kolin sana'o'in hannu na mata da ake yi a garin nan duk shekara. Mace ce mai mutunci. Ta zauna, aka kawo mata gahawa, ta riƙe gefen bargon tana ta masha Allah har da hawaye. Kin san al'adarmu: baƙo ba ya yaba abu a gidanka ka yi shiru. Sitti ta ce, "Naki ne, 'yata, ɗauki." Ita ma ta amsa yadda ake amsawa, ta ce a hannun mai shi ya fi kyau. Da a nan maganar ta tsaya, da shi ke nan. Sai ta ƙara da cewa, "Amma Hajiya, ki ba ni aronsa. A ajiye mini shi haka, kada a wanke, kada a rufa. Shi zan rataya a bakin ƙofar baje kolin." Mutumin da ka gama ce wa ɗauki duka, ga kofin gahawarka a hannunsa, ta ina za ka hana shi aro? Sitti ta dafa kanta, alamar ɗaukar alkawari a wurinmu, ta ce an gama.

Baje kolin kuwa sai bayan an gama girbin zaitun, lokacin ruwa ya daɗe da sauka.

Tun ranar Sitti ba ta sake taɓa kwarashi ba. Kullum da safe sai ta ce in leƙa in gaya mata yadda sama take. Mahaifiyata ta ce Allah Mai afuwa ne, 'yan makonni ba komai ba ne. Kawu Fawwaz ya ce a sa shi a mota a kai asibiti, a kashe waya, in ya so matar ta rataya hotonsa. Ni na ce a kai, idan lokaci ya yi a aro shi daga can. Sitti ta ce ita ba ta amai ta lashe, abin da ya shiga ɗakin nan ya shiga.

Ni kuma, Malama, gaskiyar zuciyata ita ce ina so a rataya shi. Ina so duk mutanen garinmu Irbid su tsaya a gabansa su yi shiru kamar yadda muka yi. Ina so ƙawayena masu tambayar jikoki su gani. Sai kuma in ji tsoro ko riya ce take cina, ina neman mayar da sadakar tsohuwa abin kallo. Wane alkawarin za a karya? Kuma wa zai buɗe baki?

Jikar Mai Kwarashi, Irbid

*

'Yata Jikar Mai Kwarashi,

Wa alaikumus salam. Ban yi murmushi ba. Da na zo inda Sitti ta ce ta jera su ne yadda ya sa su, sai da na dakata na ɗan jima kafin in ci gaba. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ɗauke hasken ido ya mayar da shi yatsu.

Bari in fara da ruɗanin da ke damun matasa da yawa masu sana'ar hannu, don kusan kowane wata sai an tambaye ni shi. Ana ɗauka cewa nuna aiki da riya abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Wadda take so a ga kyawun aikin kakarta, a girmama sana'ar da ake rainawa, ba laifi take yi ba, ƙauna take yi. Da babu masu irin aikin Madam Rudaina, da sana'o'i da yawa sun bi masu su kabari. Saboda haka ki sauke wannan nauyin daga ƙirjinki.

Amma bargon nan yana da mai shi tun kafin a ɗaura zarensa na farko. Akwai wani bawan Allah da ba ku san sunansa ba, wanda zai zauna a kujerar nan haƙoransa suna haɗuwa. Mahaifiyarki ta yi gaskiya, Allah Mai afuwa ne, sai dai 'yan makonnin da take gani kaɗan, a jikin wannan mutumin za su wuce. Alkawarin farko an yi shi da niyya da watanni na aiki. Na biyu kunyar baƙo ce ta fizge shi daga bakin tsohuwa. Ba nauyinsu ɗaya ba.

Wannan ba ya nufin a bi shawarar kawunki. Kashe waya zai kai bargo asibiti, amma zai bar Sitti da sunan wadda ta dafa kai ta saɓa, kuma a shekarunta wannan ciwo ne. Ki lura da abu ɗaya: Madam Rudaina ba ta san da alkawarin farko ba. Duk wannan damuwa a kan shiru take tsaye. Matar da ta hau bene tana haki saboda bargo, ta yi hawaye a kansa, ba na jin za ta ji labarin Abu Fawwaz ta ce a bar mara lafiya da sanyi.

Sitti ba za ta iya faɗa ba, bakinta ya riga ya ɗauru. Ke naki a sake yake. Ki fara neman izininta, kada ki yi komai a bayan idonta. Ki ce mata ba janye magana za ki je yi ba, za ki je ki gaya wa baƙuwa abin da ba ta sani ba ne, ita ta yanke da kanta. Sannan ki je ƙafa da ƙafa, ba ta waya ba, da matashi ɗaya cikin naki mafi kyau a hannu. Ki ba ta labarin yadda kika ba ni, har da maganar fata. Idan ta sake ku, kin fitar da Sitti da mutuncinta. Idan ma ta nuna ɓacin rai, ki ba ta haƙuri da kyau, bargo dai ya tafi.

Kafin ya tafi, ki sa a ɗauke shi hoto mai kyau da hasken safe. Ki tambayi ma'aikatan ɗakin yadda suke karɓar irin wannan kyauta, ki kuma gaya musu tsohon ulu ne, ruwan sanyi yake so, ruwan zafi zai tsuke shi. Ga baje kolin kuma, ki yi wa Madam Rudaina tayin abin da ya fi bargo a bango: hoton, da matasan kujerar da kika saƙa, da buta da kujera da tsohuwar riga, ki zauna kina warwarewa kina turarawa mutane suna gani. A ce duk mai rigar sanyin da ta tsufa ya kawo, don ɗakin nan ba kujera ɗaya ce a cikinsa ba. Idan Sitti tana so ta zo ta zauna kusa da ke, madalla. Idan ba ta so a ambaci ko sunanta, ki bar ta, sadakarta ce.

Abu na ƙarshe. Ina jin ba tafiyar bargon kaɗai kike tsoro ba. Kina tsoron ranar da yatsun nan za su daina, a rasa shaidar cewa an taɓa yin irinsu. Bango ba zai adana miki wannan ba, hannunki ne zai adana. Ranar da kuka dawo daga asibiti, ki ɗora buta, ki zauna a gabanta, ki rufe idonki, ki ce ta sa miki zare biyu a tafin hannu ki faɗi bambancinsu. Za ki yi kuskure, za ta kira ki 'yar nema, kuma ina kyautata zaton a ranar za ta nemi kwarashinta.

Ku ma sauran 'ya'yana masu karatu, akwai rigar da ta daɗe a ƙasan akwati a gidanku. Ku ciro ta, ku nemi bakin zaren, ku ja a hankali, ku tambayi babba a gidan wa ya sa ta kuma a wace shekara.

Allah ya jiƙan Abu Fawwaz, ya ƙara wa Sitti lafiya, ya ba mai jiran bargon sauƙi. Ke kuma ki leƙa baranda, 'yata. Idan kin ga hadari ya fara haɗuwa ta yamma, ki sa takalminki.

Malama Wijdan