Tulun da ke Ƙarƙashin Gadona

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Illa ɗan Malam Gana, mazaunin unguwar Birni a Damagaram, tsohon malamin gona na gwamnati, ni na rubuta wannan da hannuna cikin bazarar 1985. Hankalina yana jikina sarai. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi ya yi gajere, amma har yanzu ina iya lissafa muku ranar kasuwar kowane ƙauye daga nan har Hamdara. Kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa na faɗi abin da zan faɗa. Ado, Zuliha, Musa, da ku nake. Ku karanta a gaban mahaifiyarku Indo, kuma kada wanda ya tashi sai an kai ƙarshe.

1. Gida da gonar Gaffati, malamai za su raba muku yadda shari'a ta ce, ba ni da ta cewa a ciki. Roƙo biyu kawai nake yi. Ku bar mahaifiyarku a ɗakinta. Kuma kada ku sayar da gonar a wannan shekara ta yunwa, ko da an zo muku da buhunan hatsi har ƙofa. Na ga waɗanda suka yi haka a farin 73, yau suna ƙodago a gonakin iyayensu.

2. Kaye goma sha bakwai da ke cikin akwatin ƙarfe, wato littattafan da na rubuta sunayen irin gero da dawa na ƙauyukanmu a ciki, na Zuliha ne, tunda ita ke karatun noma a jami'a. Na san ba za su kwana biyu a hannunta ba sai sun isa teburin Alkasum. To, su isa.

Musa, kai ƙarami ne, ka san shi ne kawai da Baba Dakta mai farar mota. Alkasum ɗan baffana ne. Tabarma ɗaya muka kwana, rana ɗaya aka kai mu lakwal, wato makarantar boko, kuma ni nake yi masa lissafi har aji shida. Da mahaifina ya rasu na fita na kama aiki, shi ya ci gaba. Shekarar da fari ya ɗaga, wato 74, wata jami'a ta ƙasar waje ta ƙulla haɗin gwiwa da jami'ar ƙasarmu, da kuɗin masu ba da tallafi, don a tattara irin geron da ya jure fari a yi bincike a kansa. Furoje muke ce masa. Aka ɗauki Alkasum mataimakin Turawan, ni kuma aka ɗauke ni mai nuna hanya. A cikin furojen akwai bursi guda ɗaya na zuwa waje a yi karatu har matakin dakta. Ni na san ƙauyukan, ni na san gero da idona da haƙorina. Shi yake da difilom. Shi aka ba.

Ya dawo bayan shekara shida da littafi mai kauri. A shafin farko ya yi mini godiya, layi ɗaya da rabi, da ƙananan haruffa. Mahaifiyarku ta ji daɗi har ta kai wa maƙwabta su gani. Ni na auna layin da ɗan yatsana, bai kai tsawonsa ba.

3. Kekena na Musa ne. Agogon da ke cikin kwalinsa na Ado ne. Alkasum ya kawo mini shi tsaraba, ban taɓa ɗaura shi ba, na ce muku yana sa mini ƙaiƙayi. Ƙarya ce. Lafiyarsa lau, ka ɗaura abinka.

4. Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙarƙashin gadona akwai tulu da aka toshe bakinsa da laka. Mahaifiyarku ta ɗauka maganin gado ne, na bar ta a haka. Irin gero ne, tiya huɗu, an cakuɗa shi da toka saboda ƙwari. Bara da kuka yi wata biyu kuna cin jar dawar taimako, har Musa ya kwanta ciwon ciki, tulun nan yana wurin, ina kwance a kansa. Ku ji dalili kafin ku yanke mini hukunci.

A farin 73, duk ƙasar Hamdara gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, ban da gonaki kaɗan. Labari ya bazu cewa mutanen can suna da wani iri mai nuna cikin kwana sittin da 'yan kai. Shi furoje ya fi nema. Muka tafi da mota, da Bature biyu, da jakunkunan takarda masu lamba. A hanyar nan ne, muna cikin mota, aka sanar da wanda ya samu bursi. Aka yi ta ba Alkasum hannu ta kan kafaɗata.

Da muka isa, ya yi abin da ɗan birni zai yi. Ya tsaya ƙofar mai gari, kaye a hannu, ya tambayi maza a kawo masa irin. Mutanen da suka fito daga yunwa, sun ga mota, sun ga ana rubutu, me za su zata? Ko haraji ne, ko za a cire su daga jerin masu samun taimako. Ban da haka, iri ba a hannun maza yake ba. Tsofaffin mata ke zaɓen zangarniya tun a gona, su adana a ɗakunansu, kuma ba a miƙa wa baƙon da ke tsaye. Sai ka zauna, an san uwarka, ka yi alkawarin mayar da dami idan Allah ya ba ka. Amma kuma ba za su kunyata baƙo ba. Sai aka shiga gida aka ɗebo masa tiya guda ta geron kasuwa, wanda fatake suka hauro da shi daga kudu.

Tun daga nesa na gane. Ƙwayar ta yi girma, launin ba na ƙasarmu ba ne. Alkasum ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni ko shi ne. Kalma ɗaya ta isa. Na ɗaga kafaɗa na ce ai shi ne mai ilmi. Ya zuba a jaka, ya rubuta lamba arba'in da ɗaya, geron Hamdara.

Bayan kwana takwas na koma a keke, ni kaɗai, da goro. Na zauna gaban ɗakin wata tsohuwa, Iya Delu, ƙawar kakata. Sai da rana ta juya muna zancen waɗanda suka mutu, sannan ta shiga ta fito da zangarniya bakwai a bakin zane. Ta ce in mayar mata da dami, na mayar. Tun daga nan kowace damina ina shuka shi a kusurwar gonar Gaffati da ke bayan dutse, nesa da sauran gero don kada bununi ya gauraya. Ado, wurin nan ne nake hana ka shiga, ina ce maka akwai macizai.

Shekara goma sha ɗaya Alkasum yana fama da lamba arba'in da ɗaya. Ya shuka shi a nan, ya shuka a Yamai, an kai shi ƙasar waje an duba da na'ura. Geron kudu ne, ruwa yake so, me zai yi? Sau uku yana zuwa zauren nan ya zauna, ya cire tabarau, ya ce mini, «Yaya Illa, ko ni ne ban iya ba?» Ni kuwa ina zuba masa shayi ina ce masa ya ƙara haƙuri. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji. Duk ranar da ya tafi da wannan fuska, tuwo ya fi shiga mini.

Na yi ta gaya wa kaina cewa hakkina nake karewa, don kada a rubuta sunan wani a kan wahalata. Da haka ne, da na kai irin da kaina na ce a rubuta sunana. Ba suna nake so ba. So nake ya kasa.

5. Abin da ya faru bara kun sani. Fari ya dawo, ya fi na farko. Mutanen Hamdara sun cinye irinsu, wasu sun bar garin, Iya Delu ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Na aika an bincika gida gida, ba a samu ko zangarniya ɗaya ba. Da na ba furoje irin nan tun farko, da an yawaita shi an raba wa ƙauyuka, kuma Allah kaɗai ya san gidaje nawa ne da ba su watse ba. Wannan yana wuyana, ba na neman ku sauke mini.

Na tulun nan girbin 82 ne, don shekara biyun da suka biyo ban samu ko abin mayarwa ba. Iri yana tsufa. Cikin watan jiya na jiƙa ƙwaya ɗari a tsumma, sittin da biyu suka tsiro. In ya wuce wannan damina a tulu, ya zama abin fura.

Zuliha ta kuma gaya mini cewa bayan kaka masu ba da tallafin za su zo su duba, in babu sakamako za a rufe furoje, sabon bursin da aka sa sunanta kuma ya tafi da shi. Ta faɗa mini tana kuka, tana tausayin Baba Dakta. Ko a lokacin, Allah ya gani, abin da ya fara sukar zuciyata ba bursin ba ne. Yadda ta ce Baba ne.

To, ga umarnina. Kada ku jira sadakar uku, kada ku jira ma in mutu idan hadari ya riga ni. Ku fasa bakin tulun, ku ɗebi cikin tafi biyu ku shuka a kusurwar gonar Gaffati. Tiya biyu Ado ya kai Hamdara, ya sa a hannun Hauwa, 'yar Iya Delu, a zaune, ba a tsaye ba. Tiya biyu Zuliha ta kai wa Alkasum hannu da hannu, ta karanta masa lamba ta huɗu ta wannan takarda, kada ta tsallake kalma ko ta gyara mini. A gaya masa ya shuka nesa da sauran gero, kuma a kan jakar a rubuta sunan Delu. Ba nawa ba. Nasa ma kada in ji.

6. Ado, shekara biyar ba ka gaishe da Alkasum, ka hana ƙanwarka ambaton sunansa a gaban tuwo, duk don taya ni fushi. Ni na koya maka, ni nake janyewa. Na kwanta a gadon nan na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya ina neman laifin da ya yi mini, don in bar muku shi a rubuce. Ban samu ba. Bai roƙi bursi a kaina ba, bai taɓa wuce ƙofar nan bai tsaya ba. Ka je ka gaishe shi da sunan baffa. Ke kuma Zuliha, ki yi karatunki har inda ya ƙare, amma duk ƙauyen da kika shiga ki bar kaye a mota, ki nemi ɗakin tsohuwa ki zauna.

7. Idan ya ji abin da na yi ya ƙi zuwa jana'izata, kada ku riƙe shi da komai, yana da gaskiya. Idan ya zo, ku ba shi sahun gaba. Ku roƙa mini gafararsa, don ni na gwada sau biyu cikin watan nan, ya zauna a bakin gadon nan dugadugansa na taɓa tulun, bakina ya ƙi buɗuwa. Har yau da nake rubutu, idan na tuna shi zai tsaya gaban Turawa riƙe da zangarniyar da na yi shekara goma sha ɗaya ina gadi, ƙirjina zafi yake yi. Ban warke ba. Na dai gaji da ciyar da ciwon da abincin 'ya'yana.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku damina mai albarka, ya sa ku ga alherin ɗan'uwanku ku ci abinci ya zauna muku. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada karatun ɗaya ya zama ciwon ɗaya. Idan geron ya nuna, dami na farko na gidan Delu ne, haka aka yi alkawari. Na biyu ku kai wa baffanku, ku ce masa inji Illa, ba shi ne bai iya ba.

Illa ɗan Malam Gana
Birni, Damagaram