Ladan Jinyar Baba

Lahadi da dare, Moshi Zango

An yi addu'ar arba'in ɗin Baba yau. Har yanzu hannuna ƙaurin hayaƙi yake, tun asuba ina bakin tukunyar shinkafa da wake.

Ina jiyo malam ta lasifika yana sa wa Yaya Sani albarka, wai ɗan da ya riƙe mahaifinsa har ƙarshe. Yaya Sani! Ga garejinsa a Magazin ga gidan nan, amma sai Juma'a yake leƙowa, ya tsaya a bakin ƙofa yana toshe hanci. Ni da na bar makarantar koyon malanta, na shekara tara ina wanke zanen gado da fo, ko sunana ba a ambata ba.

Tsofaffin littattafan da na riƙa karantawa a gefen gadon Baba sun yaudare ni. A cikinsu duk wadda ta sadaukar da ƙuruciyarta, a babin ƙarshe sai an zo ana kuka ana neman gafararta. Ashe ina ta jiran nawa babin.

Da yamma ya same ni ina kankare tukunya. Na ɗauka godiya ce ta kawo shi.

"Hawa, tunda kin huta, ki shirya ki koma Asokore Mampong wajen Gwaggo. Ƙafa ta kwantar da ita. Ai ke kin iya jinya."

Ba maganarsa ce ta hana ni barci ba. Bakina ne, da ya riga ni cewa, "To, Yaya."