Harafin P a gilashin motata

Assalamu alaikum 'yan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna.

Ranar Laraba da ta wuce, da misalin ƙarfe goma na safe, ina falo a gidanmu da ke unguwar Taman Melati, ni da matata da aminina Alhaji, wanda muke harkar aika kaya gida tare, na buɗe wata takarda da aka jefa mana a akwati. Daga kamfanin da ke kula da wurin ajiye motoci na gininmu ta fito. Ashe su ne kuma ke kula da wani gini a unguwar Bukit Jalil, shi ya sa suka san adireshina. Takardar ta ce an ajiye motata a gurbin wani mazaunin wancan ginin, an ci ni tara, in biya ko in shigar da ƙorafi cikin mako ɗaya. Kuɗin ba su ne damuwata ba, ranar da aka rubuta an ajiye motar ce ta tsayar da ni.

A wannan rana ina killace. Korona ta kama ni, an ɗaura min abin hannun nan na roba ruwan hoda na waɗanda aka killace, ita ma matata an ɗaura mata tun da gida ɗaya muke. Ina kulle a ɗaki zazzaɓi na juya ni, barci nake yi har ban san rana ta faɗi ba. Alhaji ne ya riƙe mu, Allah ya saka masa, shi ke yi mana tapau, wato ya sayo abinci a ƙunshe daga shagon abinci na mamak, ya rataye a ƙofa. Na ba shi makullin motar ɗaya don ya riƙa tayar da ita kada batir ya mutu, ɗayan yana rataye a bayan ƙofar kicin.

Da na karanta takardar a fili, sai na ce wannan mai sauƙi ne, zan rubuta musu cewa ina killace, in haɗa da shaidar asibiti. Ban rufe baki ba Alhaji ya ce shi ne ya je, ya kai wa wani ɗalibi kaya, ya manta bai faɗa min ba. Ya ce, da salon maganar 'yan ƙasar nan, "Malam, biya kawai lah, kada a tayar da abin da ya kwanta. Kawo ma ni in biya." Na shekara goma da Alhaji, mutumin da zai zagaya titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sau uku don kada ya biya kuɗin fakin, ban taɓa jin ya yi tayin biyan tara ba. Matata tana yanka albasa a faranti, ba ta ɗago ba.

Da rana na tambaye ta ra'ayinta. Ta ce, "Baban Hanifa, ka biya kawai, kada a tayar da abin da ya kwanta." Kafin in zo ƙasar nan na yi aiki a ɗakin labarai na rediyo, abin da aka fara koya mana shi ne, idan majiya biyu suka kawo maka labari da kalmomi iri ɗaya, to majiya ɗaya gare ka.

Sai na duba hoton da ke jikin takardar da kyau. Motata ce, lambata ce. Amma a gilashin baya akwai jar sitika mai harafin P, alamar da doka ta ce sabon direba ya liƙa. Alhaji ya fi shekara ashirin yana tuƙi. A gidana mutum ɗaya ne ya karɓi lasisi dab da kullen korona, ita ce matata. Sitikarta irin mai cirewa ce, a durowar gaban mota take zama, sai za ta tuƙa take liƙa ta. Sannan ƙanwarta, wadda ke karatu a nan, a wannan ginin na Bukit Jalil take haya. Na tuna a makon an ce yarinyar ba ta jin daɗi, daga baya aka ce ta warware.

Na kira Alhaji shi kaɗai na ce masa na ga P a hoton. Ya yi dariya, ya ce ai ya liƙa ne don masu babur su riƙa ba shi hanya. Na ce tun yaushe ya fara tsoron masu babur. Sai ya ce mutumin da ya tashi daga ciwo bai kamata ya zama ɗan sanda ba. Washegari ya dawo min da makullina.

Na buga wa kamfanin waya. Matar da ta ɗauka ta ce idan na yi ƙorafi cewa ba ni ne direba ba, za su ɗauko hoton kyamarar ƙofa da rajistar baƙi su ga wanda ya shiga. Ga inda na tsaya. Idan na biya, ya zauna a rubuce cewa motata ta fita ranar da nake killace kuma ban musa ba, ni kuwa bizata na gaban hukuma ana sabuntawa. Idan na yi ƙorafi, zan wanke kaina, amma idan fuskar matata ce a kyamarar, da abin hannu ruwan hoda, ni da hannuna na samar da shaidar cewa ta karya dokar killacewa, kuma ban san inda hoton zai tsaya ba. Zamanta a ƙasar nan a kan takarduna yake.

Idan don ƙanwarta ta fita, zan iya fahimta, ko ni aka ce ɗan'uwana na kwance shi kaɗai ban san abin da zan yi ba. Abin da ya tsaya min shi ne mutum biyu da na fi yarda da su sun shirya magana ina kwance a ɗaki. In tambaye ta kai tsaye, in kuma ta musa fa? In biya in yi shiru? Ko in bar kyamara ta faɗa min abin da mutanen gidana suka ƙi faɗa? Masu aure da waɗanda suka san dokar ƙasar nan, me kuka gani?

Wa'adin ƙorafin zai cika ranar Laraba mai zuwa. Alhaji kaɗai na yi wa maganar sitikar, kuma makullin da na ba shi yana aljihuna, ɗayan yana nan a bayan ƙofar kicin. Yau da safe na sauka na buɗe durowar motar, sitikar ba ta ciki.