Dizal a Tankin Ruwa

Workum, 28 ga Yuni, 1996

Marrit jikata,

Ina gaishe ki, da fatan jarrabawa ta ƙare lafiya. Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwar nan, ita kuwa mun saba da juna.

Na bar miki takardar nan a kan sitiyari don kada ki ce ban faɗa ba. Na yarda ke da abokan karatunki biyu ku ɗauki motata mai ɗaki, Kunkuru, ku yi hutunku. Shekara goma sha tara ni da marigayi kakanki muna kwana cikin motar nan, daga Faransa har ƙarshen Norway, ko ƙwarzane ba ta samu a hannunmu ba.

Ba a shiga da takalmi. A rufe tukunyar gas kafin a tada inji. Akwatin ban-ɗaki a zubar da shi duk kwana biyu, kada a jira sai ya yi magana da kansa. Wanda ya yi wa motar ɓarna, ko wane ne, ya sauka ya hau jirgin ƙasa ya dawo gida. Haka muka yi wa ƙanen kakanki a Ostiriya, kuma har ya mutu bai ce an zalunce shi ba.

Ki riƙa rubuto mini da hannunki, ki sa adireshin zangon da za ku sauka. Kada ki bugo waya, kunnena ba ya jin wayar ƙasar waje.

Ynske na san ta tun tana rarrafe. Shi kuwa Tjerk ɗin naki sau ɗaya na gan shi. An ce shan kofi ƙarfe goma, ya zo goma da minti ashirin, na miƙa masa gwangwanin biskit ya ɗebi biyu, alhali ɗaya ake ɗauka. Ban ce komai ba a lokacin, yanzu ma ban ce ba.

Akwai buhun dankali da cuku a ƙarƙashin kujerar baya. Abincin mutanen can ba ya riƙe ciki.

Ku sauka lafiya.
Kakarki,
Beppe Sjoukje


Ribe, 3 ga Yuli

Beppe tawa,

Gaisuwa mai yawa daga Denmark. Yaya gwiwa? Mu dai mun iso, Kunkuru na tafiya irin ta mai sunanta, manyan motoci na wuce mu suna yi mana hon.

Tun kafin mu fita Jamus Ynske ta zana jadawali ta manna a ƙofar kabad: tuƙi, girki, wanke-wanke, shan mai, ban-ɗaki, kowa da ranarsa. Kin san masu karatun shari'a. Ita tunda ba ta da lasisi, an cire mata tuƙi an ninka mata wanke-wanke. Ranar farko ban-ɗaki ya faɗa kan Tjerk.

"Ni fa injiniya zan zama," in ji shi, yana riƙe da akwatin nesa da jikinsa.

"To ai ga darasin farko nan," in ji Ynske. "Maza, injiniyan masai, kafin rana ta yi zafi."

Takardarki ta zama abin karatu a motar nan. Ynske ke karantawa da muryarki, har da gyara gilashi. Da ta zo kan biskit Tjerk ya miƙe tsaye sai da kansa ya bugi rufi.

"Manne suke da juna! Ku gaya mata manne suke!"

To na gaya miki.

Beppe, akwai maganar da nake so ki ji daga bakina kafin ki ji wurin Mem, don 'yarki ba ta iya riƙe magana. Ni da Tjerk mun sami ɗaki a Groningen, a watan Satumba za mu koma ciki tare. Ina so in zo da shi bikin ranar haihuwarki, uku ga Agusta, ya zauna cikin dangi a ba shi kujera. Abin da sauran za su ce bai dame ni ba. Naki ne ke damuna, kin kuwa sani.

Jibi za mu shiga jirgin ruwa zuwa Sweden. Dankali ya kusa rabi.

Taki,
Marrit


Gränna, 9 ga Yuli

Beppe,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Dukanmu lafiya muke, ba hatsari aka yi ba, ki kwantar da hankalinki. Amma an sami matsala.

Shekaranjiya mun tsaya shan mai kafin mu shigo garin nan. Kin san murafan nan biyu da ke gefe ɗaya, na mai da na ruwan sha, duka baƙaƙe. An zuba dizal a tankin ruwa, kusan lita goma sha biyar. Ba mu lura ba sai da yamma, da Ynske ta buɗe famfo za ta dafa dankali. Ta sunsuna tukunyar ta ce, "Wannan miyar inji ce ko ta mutane?"

Bakaniken garin ya ce wanki ba zai yi ba, warin ya riga ya shiga roba. Sai an sake tankin da bututun gaba ɗaya, kuma daga Jamus za a aiko da su, kwana goma ko fi. Muna nan a zangon bakin tafki, muna ɗebo ruwa a jarka. Adireshin na bayan ambulan.

Ranar shan mai ta Tjerk ce a jadawali. Shi ya zuba. Kuskure ne, kowa na iya yi, kuma bai saba da motar ba. Don Allah ki sassauta masa kan maganar jirgin ƙasa.

Ki yi haƙuri.
Marrit


Workum, 13 ga Yuli

Marrit,

Na sami wasiƙunki biyu. Gwiwa na nan yadda take.

Kuskure ne, na yarda. Ƙanen kakanki ma ba da gangan ya yi baya da ita ta daki bishiya ba. Magana in an yi ta an yi ta, kun kuma karanta sharaɗin da murya, ke da kanki kika gaya mini. Ya sauka. Akwai tashar jirgi ba nisa da ku.

Abin da ya fi ba ni haushi ba dizal ɗin ba ne. Mai karatun injiniya, a ce ya kasa bambance murfin da aka zana wa ɗigon ruwa da wanda ba a zana wa ba, wannan shiririta ce, amma ana warkewa. Sai dai namijin da zai yi ɓarna ya ɓuya bayan mace ta ba da haƙuri a madadinsa, wannan ban san maganinsa ba. Hannunsa ya karye ne da ba zai rubuto mini layi biyu ba?

Na gaya wa uwarki da kawunki Douwe abin da ya faru. Maganar ɗakin Groningen, ke ba yarinya ba ce, ba zan hana ki ba. Amma tunda ra'ayina kika nema, ga shi: ban ga mutum a wurin ba. Ranar uku ga wata ki zo ke kaɗai.

Ki tabbata bakaniken ya sake har da famfon, ba tanki kawai ba.

Beppe


Groningen, 19 ga Yuli

Zuwa ga Uwargida Wiersma,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan wannan ta same ki lafiya.

Wasiƙarki ta iso zango ranar Laraba da safe. Da azahar na bar motar kamar yadda kika ce, jiya da yamma na iso Groningen.

Ga yadda na bar abubuwa. Na cire tsohon tankin da kaina, na kai shi wurin da suke karɓar irin wannan shara. Na wanke ƙasan kabad sau uku da sabulu, katakon bai sha mai ba. Na roƙi bakaniken ya sake famfon tare da bututun, ya kuma nuna wa Marrit yadda za ta gwada ruwan kafin su tashi. Tayar baya ta hagu na rage iska a hankali, ya kamata a duba ta kafin doguwar hanya. Na shafa shuɗin fenti a murfin ruwa. Idan ba ki so, yana fita da kananzir.

Kin yi gaskiya, ya kamata in rubuto tun farko. Game da yadda abin ya faru, ba ni da abin da zan ƙara a kan abin da Marrit ta rubuta miki.

Na gode da aron motar. Kwana goma sha takwas na yi a cikinta, ban taɓa barci mai daɗi irin na gadon saman nan ba.

Ina yi miki fatan alheri a ranar haihuwarki.

Naki cikin ladabi,
Tjerk Algra


Gränna, 20 ga Yuli

Beppe,

Ina gaishe ki. Wannan takarda ta huɗu ce da na fara, ukun na yaga.

Ni na zuba dizal ɗin. Ba Tjerk ba ne.

Ranarsa ce a jadawali, wannan kaɗai ne gaskiya. Ya shiga shagon gidan man sayen burodi, layi ya yi tsawo, wata mota a bayanmu ta dame ni da hon. Na ce aikin me, na sauko na buɗe murfi na danna. Ni da nake shiga motar nan tun ina shekara huɗu. Da yamma da wari ya tashi na faɗa musu, Tjerk ya yi dariya har da hawaye, ya ce aƙalla yanzu akwai wanda ya fi shi laifi a wurin Beppe.

Da na zauna rubuta miki sai na kasa. Tun ina ƙarama ni ce wadda kike ba makulli, ni ce "Marrit ba ta mantuwa". Na ce a raina ai shi dama ba ki ɗauke shi a bakin komai ba, ƙarin laifi ɗaya ba zai rage masa komai ba, kuma na ɗauka ba za ki kori baƙo da gaske ba. Ban gaya masa abin da na rubuta ba.

Ranar Laraba muna karin kumallo mai zango ya kawo wasiƙarki. Kafin in miƙa hannu Ynske ta fizge ta, ta gyara murya kamar kullum. Ta karanta har "ya sauka" da muryarki. Daga nan ta koma tata muryar, ba ta kuma tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.

Tjerk ya gama cin burodinsa, ya wanke kofinsa, ya hau sama ya fara haɗa jaka.

"Zauna mana," na ce masa. "Yau ɗin nan zan rubuta mata in gyara."

"Takardarki ce," in ji shi. "Ni ba zan ƙaryata ki wurin kakarki ba."

"To ka yi faɗa mana! Ka zage ni!"

"Ƙarfe ɗaya bas ɗin tasha ke tashi," ya ce. Sauran lokacin ya ƙare shi a ƙarƙashin kabad da soso.

Na raka shi bakin hanya, bai hana ni ba, bai kuma kalle ni ba. Da na dawo Ynske ta ce, "Kin san me? Da akwatin ban-ɗakin nan da abin da kika yi, gara akwatin, shi ana zubarwa." Tun ranar ba ta yi mini magana sai in aiki ya kama. Na buga waya gidan su Tjerk sau biyar, abokin zamansa na cewa ba ya nan.

Kunya ta ishe ni, Beppe, kuma ina tsoron na rasa shi.

An ɗaura sabon tanki jiya, da famfo. Bisa sharaɗi ni ya kamata in sauka, amma Ynske ba ta tuƙi, don haka zan kawo motar ƙofarki in ajiye makulli. Za mu kwana biyu a zangon Ribe a hanyar dawowa, daga ashirin da takwas ga wata, in kina da abin faɗa mini.

Jikarki,
Marrit


Workum, 25 ga Yuli

Marrit,

Na sami taki. Ina fatan hanya ta yi sauƙi.

Jiya na hau bas biyu da jirgin ƙasa na je Groningen. Hawa uku ne zuwa ɗakin yaron, na hau su da gwiwar nan. Na ba shi haƙuri a tsaye, kafin ya ba ni kujera. Na kuma kira uwarki da Douwe na janye abin da na faɗa. Shekarata saba'in da shida, ban taɓa bin gida-gida ina lashe amaina ba sai a kanki.

Na gayyace shi ranar uku ga wata, ya ce zai zo. Na tambaye shi maganar ɗakin Satumba, ya ce ba da ni zai yi wannan maganar ba. Ya yi daidai.

Za ki ga wasiƙarki ta tara ga wata a cikin ambulan ɗin nan. Duk abin da kika taɓa rubuto mini tun kina aji ɗaya yana nan a ajiye, amma wannan ba ta da wuri a gidana. Da hannunki kika rubuta ta, ki san yadda za ki yi da ita.

Ki tuƙa a hankali.
Beppe